Yadda Na Sayar da Muryar Gwaggona

Ba zan faɗi sunana ba. Wanda ya san ni a Bodinga ya riga ya sani, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. Abin da na yi nake so ku ji, ku matasa masu waya a hannu, musamman 'yan mata irina waɗanda ake yaba wa da cewa kansu na ja.

Kafin wannan abu ni 'yar manomin albasa ce, ta uku a ɗakinmu. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, na zauna gida shekara biyu ina jiran ci gaban da bai zo ba. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya shaida. In ana layi a famfo ni ce mai tsaki. Abu ɗaya na iya fiye da sa'o'ina, shi ne waya. Ba wanda ya koya mini, dannawa nake yi har in gane.

Daga nan sana'a ta same ni. Matan aure a wajenmu ba sa son miƙa wayarsu ga mazan da ke gyara a bakin tasha, saboda akwai hotunansu a ciki ba lulluɓi, akwai hirarsu da 'yan uwa. Ni kuwa mace ce, ba gidan da ba na shiga. Sai in zauna a tabarma in tura musu karatu da wa'azi da waƙoƙin biki, in buɗe musu guruf na hira, in gyara abin da yara suka dagula. Wata ta ba ni 'yan canji, wata ta auno mini gero. Sana'a ce mai tsabta, kuma ta ishe ni sabulu da man shafawa. Ni ce dai na raina ta.

A Sakkwato nake sayen memori, wajen wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Ban san sunansa na yanka ba, har yau. Wata rana yana miƙo mini kaya ya ce, "Ke wai waya nawa ke bi ta hannunki a sati?" Na faɗa masa. Ya dube ni sosai, ya ce akwai wata 'yar manhaja da yake so in riƙa sa wa duk wayar da na taɓa, ba ta fitowa a fuska, mai wayar ba zai ma san da ita ba, kuma kowace ɗaya zai biya ni.

Na ce, "Me take yi?"

Ya ce, "Talla kawai."

Na san ƙarya yake. Ban sake tambaya ba, don kada ya faɗa mini gaskiya in rasa uzuri.

Sai daga baya, da muka saba, ya yi mini bayani yana dariya. Ya ce duk wayar da na sa wa abin nan ta zama tunkiya a garkensu. Mai ita yana riƙe da ita, yana saya mata data, yana kai ta caji, yana ganin tasa ce. Amma makiyayin yana can wata ƙasa, ko shi Injiniya bai taɓa ganinsa ba. Ran da makiyayi ya yi fito, duk wayoyin sai su ɗaga kai su yi abin da aka ce: su watsa saƙonnin yaudara ga dubban mutane, ko su tura wa wasu wayoyi irin cutar da ke jikinsu. In aka bi sawu, lambar wata baiwar Allah za a tarar a ƙauye, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Na ji wannan da kunnena, na karɓi kuɗina, na hau mota na koma Bodinga.

Wata uku ina yi. Mata suka fara kuka da cewa waya na zafi ba dalili, data na ƙarewa kamar ana zuƙe ta. In ce musu sabis ne ya lalace. Su ce Allah shi kyauta, su ƙara miƙo mini wayar.

Ran nan Injiniya ya ce aikina na tafiyar hawainiya. Ɗaya bayan ɗaya da hannu, yaushe garke zai cika? Ya ce sun gwada tura saƙo a rubuce da shuɗin layin nan da ake dannawa, amma mutanen ƙauyukanmu ba sa dannawa. Ya ce, "Mutanenku dai ba su waye ba."

Maganar ta ba ni haushi, kuma ina son ya san na fi shi sanin abin da yake yi. Na ce, "Kai ne ba ka waye ba. Mutanenmu ba karanta saƙo suke ba, saurara suke yi. Kuma ba kowa suke saurara ba."

Ya ce, "To wa suke saurara?"

A nan na halaka. Ku lura, ba shi ya kawo shawarar ba. Ni na kawo.

Ina da gwaggo a Shagari, yayar babana. Malama ce. Tun kafin a haife ni take karantar da matan aure a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanta, daga hantsi zuwa azahar. Ɗalibanta sun watsu, wasu na aure a Mandera, wasu Danchadi, wasu Dingyadi, kuma duk Gwaggo suke ce mata kamar ni. Su suka haɗa kuɗi suka saya mata waya. Ba ta karanta boko, saboda haka da murya take aika saƙo: rasuwa, suna, ranar komawa karatu. Kuma tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani, ba ta taɓa tura abin da ba ta tabbatar ba. Ko rasuwa aka faɗa mata sai ta kira gidan ta ji da kunnenta. Shi ya sa in gardama ta tashi tsakanin mata, da an ce "daga wayar Gwaggo ya fito", magana ta ƙare.

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana. Inna take ce mini. In na je Shagari a kwanonta nake ci.

Na ce wa Injiniya ya sa a haɗa abin nasu cikin manhajar karatun Alƙur'ani, cikakke, mai murya mai daɗi, wanda ke yi ko ba data. Cikin sati biyu aka haɗo. Karatun na gaske ne, ba abin da aka taɓa a cikinsa. Ɓarawon yana kwance a ƙarƙashi.

Na tafi Shagari ran wata Laraba. Na tarar an tashi karatu, tana gyara allunan da mata suka jingine. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, sadaka mai gudana na kawo miki. Duk wanda ya saurara ta dalilinki, kina da lada."

Na kunna mata. Ta rufe ido tana bi da leɓe. Da aka kai ƙarshen sura na ce to ta yi magana in ɗauka mu tura.

Ta ce, "Inna, ke dai gaggawa. Littahin Allah na, ba a aika shi haka nan. Bar min shi in saurara, kada a samu inda mai karatun yat tsallake."

Kwana uku ta riƙe shi. Ina Bodinga ina tsaki, Injiniya na kira yana tambaya. Ita kuwa tana can da Alƙur'aninta a buɗe a cinya, tana bin mai karatu aya bayan aya. Ta bincika iyakar abin da ta san bincikensa. Ran Asabar ta kira ni ta ce in zo, ba ta sami gyara ba.

Na riƙe mata wayar a bakinta. Ga abin da ta faɗa, na haddace shi fiye da yadda na haddace komai a makaranta:

"Salamu alaikum ɗiyana, Gwaggonku ta Shagari ka magana. Ga karatun Littahin Allah nan, na saurara da kaina, babu kuskure cikinai. Ku danna ku buɗe. Duk abin da waya tat tambaye ku, ku ce kun yarda. Ku aika ma 'yan uwa, Allah shi ba mu ladan baki ɗaya."

Wannan na "ku ce kun yarda" ni na sa mata a baki. Na ce mata in ba a yarda ba karatun ba zai buɗe ba. Gaskiyar ita ce, da wannan yardar ce abin ke samun izinin karanta saƙonnin mutum da lambobin da ke wayarsa. Da muka gama ta dafa kaina ta sa mini albarka. Ta ba ni soyayyar gyaɗa a leda in ci a mota.

Ban ƙara bin gida-gida ba. Ba bukata. Mata suka tura wa mata, mata suka sa wa mazansu, maza suka tura wa abokan kasuwa. Kowa na neman lada. Har ni aka turo wa, sau ba adadi, ana ce mini in buɗe kada a bar ni baya. Injiniya ya daina yi mini kallon 'yar ƙauye, ya koma ce mini Hajiya. Na sayi sabuwar waya, na ɗinka kaya. Da babana ya miƙo mini tasa ya ce in sa masa karatun yayarsa, sai na ce wayarsa ba ta da wuri, na tura masa wani daban. Wayarsa kaɗai na tsare. To ku faɗa mini, akwai wanda zai ce ban san abin da nake yi ba?

Damina ta wuce ba abin da ya faru sai zafin waya. Na fara gaya wa kaina ƙila iyakarsa ke nan.

Ashe jira suke. Da aka fara cire albasa a fadamun Danchadi, masu saye suka zo da manyan motoci, kuma yanzu yawanci ta waya ake biya. Manomi zai ji alat ɗin banki ya shigo, ya yi hamdala, ya kwana da nufin gobe ya je ya cira. A lokacin makiyayi ya yi fito. Abin nan yana karanta lambar sirrin da banki ke turowa kafin mai wayar ya gani, ya goge saƙon. Mutum ya je wajen mai cirar kuɗi a ce masa babu komai. Wahalar rani guda, ban ruwa tun asuba, taki, magani, duk ta bi iska. A cikin satin kuma wayoyin suka fara watsa wasu saƙonni, na caca da na hotunan banza waɗanda ba zan iya kwatantawa ba. Wayar Gwaggo ma ta tura. Ta tura wa ɗalibanta, ta tura wa limamin unguwarsu.

Wani manomi ya kai tasa wajen mai gyara a Sakkwato, aka ce masa manhajar karatun nan ce ɓarauniyar. Aka tambaye shi wa ya turo masa. Ya ce matarsa. Wa ya tura wa matar? Kowa aka bi, a wuri ɗaya ake tsayawa, kuma ga murya ta faɗi ko ita wace ce da garin da take.

Da hantsi 'yan sanda suka zo, ana tsakiyar karatu. An ce hijabinta kawai ta ɗauka da carbi. A ofis suka tambaye ta wa ya kawo mata abin. Ta ce, "Muryata ta. Ni nic ce su danna." Suka juya tambayar ta kowace fuska, ba ta ƙara ko kalma ba. Matan da ke zuwa karatu ba wadda ta ga lokacin da na kawo shi, don ranar an riga an tashi. Ni da ita kaɗai muka sani.

Da labari ya iso Bodinga babana ya zauna a ƙasa a zaure. Ni kuwa na ɗauki mayafi na nufi Sakkwato. Na tarar da kwanar shagon da Injiniya ke zama an share, ko teburi babu. Mai shagon ya ce haya yake, ya kwashe kayansa tun shekaranjiya. Na kira layinsa a kashe. Na tsaya a bakin titi ina ta kira kamar mahaukaciya, har cajina ya kusa ƙarewa.

A motar dawowa na yanke wata shawara ta wauta. Na ce in na bi na goge abin daga wayoyin mutane, sata za ta tsaya, ƙura ta lafa, a saki Gwaggo, ni kuma ba wanda zai san da ni. Har a lokacin kaina nake nema wa mafita.

Kwana huɗu ina kan kabu-kabu. Shagari, Mandera, Danchadi, in dawo, in koma. Ba na cin abinci. In faɗa gida ko sallamar kirki babu, in ce a kawo wayoyi. Abin kuma ba ya fita ta daɗi, sai an wanke wayar gaba ɗaya, hotuna da lambobi duk su tafi. Wasu suka ba ni. Amma abin da ban taɓa zato ba shi ne yawancinsu ƙi suka yi.

A Mandera na shiga wajen wata tsohuwa, ɗalibar Gwaggo ta farko-farko. Ta ɗauko wayar a naɗe cikin farin ƙyalle. Tun da aka sa mata karatun ba ta taɓa ta sai da alwala. Na ce, "Iya, kawo in goge, akwai ɓarawo a ciki."

Ta janye hannu. "Mi za ki gogewa?"

"Karatun nan."

"In ba ki Alƙur'ani ki goge? Da hannuna in miƙa miki?"

Na ce, "Iya, ba Alƙur'anin ba ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Kuɗin ɗanki za su kwashe."

Ta ce, "Arziki na Allah na. Sharri anka yi ma Gwaggo, kuma Allah na gani. Ita tac ce mu riƙe. In gogewa ta, mu ji daga bakinta."

Na durƙusa, na kama ƙafarta, ina kuka ina roƙo. Ta ce wa surukarta ta kawo mini ruwa, wai rana ce ta taɓa ni. Haka na yi ta ji gida bayan gida. Amanar da na yi tarko da ita, ita ce ta tsaya mini a ƙofa. Masu zagin Gwaggo sun riga sun yi asara, masu ƙaunarta kuma sun rungume abin da zai cuce su, saboda ita. A Danchadi ma ina cikin wanke wayar wata, ina gamawa na kunna, sai ga saƙon ya sake shigowa daga ƙanwarta. Na zauna ina kallonsa. Wayoyin da na wanke a kwana huɗun ba su kai talatin ba, abin kuwa ya riga ya tsallaka garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba.

Rana ta biyar mahaifiyata ta ba ni kwano ta ce in kai wa Gwaggo, tunda ni ce 'yar ɗakinta. Ba yadda zan ce a'a. Aka fito da ita daga bayan kantar 'yan sanda, aka ba mu benci. Tana da hawan jini, kuma kwana biyar ba magani. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin bai shiga, a hannu ta riƙo shi.

Ta dube ni ta ce, "Inna, kin rame. Ba ki cin abinci?"

Na kasa haɗa ido da ita. Na ce a hankali, "Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

Ta ce, "In hwaɗi mi? Ni na ci zamanina. Ke ko ba ki fara naki ba." Ta buɗe kwanon ta rufe. "Abu guda nika son ki gaya min, tsakaninki da Allah. Ranar da kinka kawo min shi, kin san da abin ciki?"

Da na ce ban sani ba, da ta yarda. Na ga haka a fuskarta, so take in ce ban sani ba.

Na ce, "Na sani."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Kwana ukku ina saurare, ina biɗar kuskure. Ashe kuskuren na nan gabana, kwano guda muka ci." Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini kwanon. "Tashi ki tahi gida. Ki ce ma uwarki na gode."

Na fita. Na kai bakin titi, na tsayar da mai kabu-kabu, har na ɗora ƙafa. Ya ce, "Ina za mu?" Na kasa faɗin Bodinga. Ya sake tambaya, ya ce in ba tafiya zan yi ba in sauka masa. Na sauka, na koma ciki, na ajiye kwanon da wayata a kan kantar ofishin.

Na ce wa ɗan sandan, "Ni ce."

Ya ce, "Ke ce wa?"

Na ce, "Ni na kawo abin, ni na sa ta ta yi magana, ita ba ta san komai ba. Buɗe wayar nan, hirarmu da mutumin duk tana ciki. Ku sake ta, ba ta da lafiya."

Sai bayan kwana biyu suka sake ta. Kafin ta tafi suka roƙe ta ta yi wata muryar, ta gaya wa mutane su goge. Ta yi. Aka tura. Mutane suka ce ɓarayin ne suka kwaikwayi muryarta don su raba su da karatu. Wasu kuma suka ce sun gama jin maganar tsohuwar nan. Sai da aka yi ta sanarwa a masallatai kafin na kusa suka wanke wayoyinsu. Muryar farko ta riga ta yi nisa, ta biyun ba ta taɓa cim mata ba.

A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa laifina. Alƙali ya ba ni shekara biyu da rabi. Injiniya, iyakar sanina, ba a kama shi ba, balle makiyayin da ba wanda ya san kamanninsa. Tunkiya suka samu, da wadda ta kora ta cikin garke.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba. Zafi ne, da ƙuda, da abincin da ba ka tambayar me aka sa a ciki. Ni mai tsaki a layin famfo na koyi tsayuwa a layi don ruwan wanka rabin bokiti. Mahaifiyata ta zo sau biyu. Babana bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba, an ce ya daina zama majalisa, daga gona sai gida. Matan da muke ɗaki ɗaya, in sabuwa ta zo ta tambayi me na sata, sai su ce, "Wagga muryar gwaggonta tas sata." Su yi dariya. Ni ban taɓa samun amsar da ta fi wannan daidai ba. A can na koma salla a kan lokaci. A can na fara roƙon Allah gafara da gaske, ba don a sake ni ba.

Ran da na fito ban fara zuwa Bodinga ba, Shagari na nufa. Na isa da hantsi, lokacin da a da tun daga bakin lungu kake jin muryoyin mata. Shiru. Rumfar na nan, alluna na jingine sun yi ƙura. Mata uku na tarar, duk tsofaffi. Sauran, mazansu sun hana su, wasu kuma da kansu suka daina. An wanke Gwaggo a kotu, amma mutumin da ya rasa albasar shekara ba muryata ya ji ba, tata ya ji.

Ta tsufa fiye da shekarun da na yi a ɗaure. Na durƙusa nesa da tabarmarta na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na yahe miki tun ina can ciki, Inna. Amma rabona ɗai na yahe. Na sauran mutane, ki bi su."

Ina nan durƙushe sai wayar ɗaya daga cikin tsofaffin ta yi ƙara. Jikanta ne ya turo mata saƙo daga wani gari mai nisa inda yake ci-rani. Ta danna ba ta san mene ne ba.

"Salamu alaikum ɗiyana, Gwaggonku ta Shagari ka magana..."

Matar ta rikice tana neman inda ake kashewa, Gwaggo ta ɗaga mata hannu ta bari. Ta saurari kanta har ƙarshe, har "Allah shi ba mu ladan baki ɗaya".

Ta ce, "Har yanzu ina kiran su."

Na ce, "Gwaggo, zunubin nawa ne."

Ta ce, "Zunubin naki na. Muryar tawa ta."

Na miƙa hannu na ce wa matar ta kawo in cire mata saƙon kada wani ya danna. Ta fara miƙowa, sai ta tsaya. Ta dubi hannuna, ta dubi Gwaggo. Ta mayar da wayar cikin zaninta ta ce ɗanta zai duba mata in ya dawo kasuwa. Gwaggo ba ta ce ta ba ni ba.

Yanzu ina gidanmu, ina taya mahaifiyata tuyar ƙosai. Duk ranar da na samu kuɗin mota sai in je gida ɗaya cikin waɗanda na cuta in nemi yafiya. Wasu su yafe, wasu su ce mu haɗu gaban Allah, wasu ko zaure ba sa bari in wuce. Ban kai rabi ba, kuma akwai waɗanda ba zan taɓa sanin su ba balle in roƙe su.

Ku matasa, ba zan yi muku dogon wa'azi ba, ban kai ba. In wani ya ce ku sa wani abu a wayar mutane ba da saninsu ba, ya ce talla ne kawai, ku tambaye shi sau biyu, in ya yi dariya ku tashi. Ba wayonku yake saye ba, ya fi ku wayo. Yardar da iyayenku da maƙwabtanku suka yi muku yake saye, kuma ran da abu ya fashe ba ƙofarsa za a buga ba, ta wanda ya fi ƙaunarku za a buga. Tsohuwar da ta miƙo muku waya ta ce ku duba mata, duk sirrinta ta miƙo muku. Ku duba abin da ta ce, ku mayar mata.

Sannan ga roƙona, kuma saboda shi na zauna na rubuta duk wannan. In wata rana saƙo ya shigo muku, kuka ji muryar wata tsohuwa ta yi sallama ta ce "ɗiyana", ta ce ta saurara da kanta babu kuskure, kada ku danna. Ku goge shi, ba Alƙur'ani kuka goge ba, Alƙur'ani na nan a masallacinku da ƙirjin malamanku. Ku kira wanda ya turo muku ku ce ya kai wayarsa a wanke. Kada ku zagi mai muryar, gaskiya ta faɗa iyakar saninta. Tun ranar da ta dawo gida ta ba da wayarta, ta ce bakinta ba zai ƙara kusantar irinta ba. Shi ya sa ni nake faɗa muku a madadinta.